Tayoyi Huɗu, Ɗalibai Uku

Motar da na saya bayan na ajiye alli tsohuwar a-kori-kura ce, fara, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta gama wahalarta a wata ma'aikatar gona aka yi gwanjonta. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da labarin ƙasa a Gusau, ina zana wa yara hanyoyi da koguna a kan allo, amma ban taɓa mallakar abin hawan da ya wuce babur ba. Saboda ƙauyenmu na saye ta. Yana can bayan Karakkai, a ƙasar Bungudu, kuma tsakaninsa da kwalta akwai wata fadama da idan damina ta zauna takan koma kamar kunun da aka dama da kauri.

A ƙauyen Gwaggo Dije take, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ban shiga makaranta ba. Yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Da farko takan ce hazo take gani, daga baya ta daina cewa komai, sai dai in ka yi sallama ta juyo da kunne maimakon fuska.

Matata Aziza, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ita ta shigo da labari a damina ta bana. Wata ƙungiyar agaji za ta kawo likitocin ido Gusau, su yi mako guda suna cire yana kyauta.

"Amma ka saurara da kyau, Malam," in ji ta. "Ba sa taɓa ido biyu rana ɗaya. Sai su yi ɗaya, su bar shi ya huta, sannan su yi ɗayan. Ranar Asabar za su naɗe kayansu. Duk wanda bai iso ba zuwa Alhamis, ido ɗaya zai samu. Ka je ka ɗauko ta tun Litinin."

Na ce mata ai tayoyin motar sun suɗe, sun yi sumul kamar tafin hannu, ba za su haye fadama ba.

"To ka yi hayar wanda ya saba da hanyar."

Gaskiyar magana, so nake Gwaggo ta shiga motata. Ta ga lokacin da nake tafiya makaranta ba takalmi, ina so ko da ba ta gani ta ji ƙarar ƙofa, ta shafa kujera, ta san cewa ta Hussaininta ce. Na ce wa Aziza sayen taya ai aikin safiya guda ne.

Ni mutum ne da ba na shiga aji sai na shirya darasi, don haka ranar Lahadi na zauna da wayata na yi karatun taya. Na fahimci iri uku ce. Akwai ta kwalta mai ƙananan zane. Akwai 'yar tsaka-tsaki, wadda ke ɗan taɓa nan ta ɗan taɓa can. Sai ta taɓo, mai manyan haƙora da wagegen rata a tsakaninsu, don laka ta riƙa fita maimakon ta liƙe. Na ji daɗin wannan ilimi har na maimaita wa Aziza shi tana tsinke zogale. A ƙasan bayanin akwai sauran sakin layi guda da ban kai gare shi ba. Na sha yi wa ɗalibai faɗa a kan rashin kaiwa ƙarshen babi.

Ranar Litinin na tafi shagon Mubarak, tsohon ɗalibina, wanda ke sayar da taya a nan Gusau. Yana hango ni ya taso da gudu, ya rusuna, ya goge benci da hularsa, ya aika a kawo shayi. Sannan ya mirgino wata taya baƙa ƙirin, mai faɗi, haƙoranta kamar na kada.

"Malam, wannan ita ce uwar taɓo," in ji shi. "Guda huɗu zan ɗaura maka. In ka ga dama ka shiga gulbi da ita."

Don murna ya tsayar da ni jikin motar ya ɗauke mu hoto, ya tura cikin zauren waya da 'yan ajinsu suka buɗe. Ban kai rabin kofin shayin ba wayata ta yi ƙara. Amos ne daga Tsafe. Shi ne monita na ajin su Mubarak, mahaifinsa aikin gwamnati ya kawo shi daga Filato, shi kuwa a Tsafe aka haife shi, a can kuma yake da shagon taya.

"Baba Malam, me na yi maka?" in ji Amos. "Ni da na riƙe maka littattafai har na gama makaranta, yau ka yi mota sai a hoto zan gani?"

Ina cikin ba shi haƙuri saƙon murya ya shigo daga Gambo, ɗan bencin baya, wanda ke sana'ar taya a Bungudu. "Malam, ta ƙofar shagona fa za ka wuce in za ka gida. In na ga tayar wani a motarka, wallahi rufe shagon zan yi in koma aji ɗaya."

Duk tsawon aikina abu ɗaya nake alfahari da shi: ban taɓa fifita wani ɗalibi a kan wani ba. Gogar allo bi da bi ake yi. Ɗaukar jakata bi da bi. Ko tambaya zan yi, sai na tabbata ta zagaya har bencin baya. Na zauna a kan bencin Mubarak na yi tunani irin na adalci, na kuwa samu mafita da ta burge ni.

"Mubarak, ɗaya za ka ɗaura."

"Ɗaya, Malam?"

"Ɗaya. Amos ɗaya, Gambo ɗaya."

"Ta huɗun fa?"

"In na ba wani ta huɗun, na fifita shi ke nan. Safayar da ke baya da sauran ƙwarinta, ita za ta cike."

Mubarak ya buɗe baki, ya rufe. Ya sosa ƙeya, ya kalli tayarsa, ya kalli ƙasa.

"Malam ya fi mu sani," in ji shi.

Na ɗauki wannan a matsayin yabo. Ya ɗaura uwar taɓo a baya ta hagu, ya ɗaura safaya a baya ta dama, na dawo gida motar ta ɗan karkace kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa.

Talata na kama hanyar Tsafe da hantsi, lokacin da motoci suka yi yawa, don hanyar ba wadda ake bi da sassafe ko da yamma ba ce a wannan zamani. Amos ya rungume ni har hulata ta faɗi. Tasa tayar 'yar tsaka-tsaki ce, ya ce ita ta dace da dattijo, ba ta da hayaniya. Da ya fito da ita ya ga motar sai ya tsaya. Ya zagaya ta. Ya ɗora tafin hannu a kan tayar Mubarak, ya ɗora a kan tasa, ya sake zagayawa.

"Baba Malam, wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Ni na ba kaina."

"Ai kuwa," in ji Amos, ya ɗan yi tari, "shawara ce."

Ya ɗaura ta a gaba ta dama. Na so in juyo nan take, amma matarsa Blessing ta riga ta ɗora tukunya, kuma ba a ce wa matar ɗalibi an ƙoshi. Sai da na ci sakwara, na duba takardun jarrabawar 'ya'yansu, na gyara wa ƙaramar yadda ake riƙe fensir. Na shigo Gusau ana kiran la'asar.

"Gobe Laraba," in ji Aziza. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Laraba na yi niyyar in tsaya wajen Gambo a ɗaura ta ƙarshe, in zarce ƙauye. Gambo da motocin ɗaukar hatsi yake hulɗa, don haka tasa doguwa ce, siririya, mai tauri kamar ƙirgi.

"Faɗi ba ya fidda mota daga taɓo, Malam," in ji shi. "Siririya ita ke yanka laka ta kai ga ƙasa mai ƙarfi. Su Mubarak 'yan birni ne, ado suke sayarwa."

Sai dai wadda ta dace da wilina ba ta shagon, tana ɗakin ajiyarsa, mai riƙe da makullin kuma ya tafi jana'iza. Kafin ya dawo a ɗaura, azahar ta gota. Gambo ya tsuguna a gaban motar yana kallon ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah," in ji shi.

"Me ka gani?"

"Ba komai, Malam. Ban dai taɓa ganin irinta ba ne."

Ba mai barin kwalta ya nufi daji bayan azahar, don haka na juyo gida. A hanya motar tana ja zuwa dama, ina jawo ta zuwa hagu. Kowace taya da irin kukanta, ɗaya na gurnani, ɗaya na fito, kamar ajin da aka ce ya yi karatu tare kowa ya kama nasa shafin. Aziza na tsaye a bakin ƙofa lokacin da na shigo layi.

"Malam, ɗingishi motarka take yi?"

"Ba ɗingishi ba ne, Hajiya."

"To ni dai kamar mutum ya sa takalmin ruwa a ƙafa ɗaya, silifas a ɗaya nake gani."

Na yi mata bayani cikin natsuwa, da muryar da nake yi wa wanda bai gane ba a karon farko. Na ce kowace taya tana da inda ta fi ƙarfi. Inda mai faɗi ta gaza, siririya za ta kama. Inda siririya ta gaza, 'yar tsaka-tsaki na nan. Haka nake haɗa yara aikin rukuni, mai ƙoƙari ya ja mai rauni.

"Allah ya kai ku lafiya," in ji ta. "Ni bari in je in sha wa tawa mai." Tana da wata ƙaramar mota da take zuwa unguwa da ita, wadda nakan yi wa dariya in ce ko kwata ba za ta iya hayewa ba.

Ranar Alhamis na fita da wuri. Na wuce Bungudu, na sauka daga kwalta, na bi ta tsakanin gonakin gero da masara har na kai bakin fadama. An yi kwana biyu ba ruwa, saman laka ya yi ɓawo. Na tura ƙaramar giyar da ke sa ƙafafu huɗun su ja tare, na yi bismilla, na shiga. Motar ta yi rawa, ta yi nishi, ta fita. Na so a ce Aziza na kusa.

Na iske Gwaggo zaune a kan ƙullin kayanta a zaure, ta yafa mayafinta na zuwa biki. Tun asuba take nan. Na kama hannunta na kai ta jikin motar, ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, ta ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa.

"Taka ce, Hussaini? Ba aro ba?"

"Tawa ce, Gwaggo."

"Madalla. To mu tahi, ina jin ƙamshin ruwa."

Na duba gabas, akwai ɗan duhu can ƙasa-ƙasa. Amma mutum ba ya shigowa garinsu da sabuwar mota ya fice kamar wanda ya zo sata. Na ce mata minti kaɗan. Na je na gaida mai gari. Daga nan liman, don ba a gaida ɗaya a bar ɗaya. Aka ce mini an yi rasuwa a gidan maƙera tun watan jiya, na shiga ta'aziyya. Ina fitowa wata tsohuwa ta ce ashe gidansu ne kawai ba na gani, na shiga nan ma. Ina cikin shan furar gida na huɗu ko na biyar iska ta taso, ruwa ya kece.

Bai daɗe ba, amma ya yi aikinsa. Da ya tsagaita na sa Gwaggo a gaba, na ɗaura mata bel, muka kama hanya. Fadamar da na haye da safe ta zama wani abu dabam, tana sheƙi, ruwa na kwance a sawun da na bari. Na tsaya a baki na yi nazarinta. Na san sunan irin wannan ƙasar, na san yadda take riƙe ruwa, na sha fitar da tambaya a kanta a jarrabawa. Na sa ƙaramar giya na shiga.

Mun kai tsakiya motar ta fara tafiya a karkace, gindinta na neman ya riga kanta. Sannan ta tsaya. Na taka totur, inji ya yi ruri, ba mu motsa ba. Na sa ribas, haka. Na sake takawa, na ji muna nutsewa a hankali, kamar mutum na zama a kan katifa.

"Mun iso?" in ji Gwaggo.

"Saura kaɗan."

"Mi ka kuka haka kamar ana niƙa?"

Na naɗe wandona na fita, laka ta karɓi takalmina na dama ba ta dawo da shi ba. Wasu manoma da suka fake a ƙarƙashin wata tsamiya suka taso don taimako. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tuƙa tarakta, na ba shi sitiyari, ni da sauran muka koma baya turi. Ya taka, sai safayar nan tawa mai sauran ƙwari ta ɗebo laka ta watsa mini tun daga gemu har gwiwa.

Da na share idona na ga abin da ke faruwa. Safaya na juyawa kamar mazari. Tayar Amos a gaba ita ma tana ta wulwulawa a banza, zanenta ya cika da taɓo ta zama sumul. Uwar taɓo kuwa, mai haƙoran kada, tana tsaye cik, ko gezau. Siririyar Gambo ma haka. Duk ƙarfin injin yana tafiya ne ga ƙafafun da ba su riƙe komai ba, masu riƙon kuma an bar su suna kallo. Na taɓa ganin irin wannan a aikin rukuni, sai dai ban taɓa rubuta shi a rahoto ba.

Muka sa rassan itace, muka sa duwatsu, muka tona da fartanya. Gwaggo ta leƙo da kai ta taga, ta juyo da kunne wajenmu.

"Hussaini, ni hwa ƙahwa biyu nika jin suna gudu, sauran suna zaune. Haka sunka ce a yi?"

Manoman suka yi ƙoƙari ƙwarai ba su yi dariya ba.

Waya ba ta kamawa a cikin kwarin. Sai da na hau kan wani suri, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, na ɗaga hannu sama, sannan na samu Gambo, shi ya fi kusa. Na kira Aziza ma. Ba ta ce mini komai ba sai, "Gwaggo ta ci abinci?"

Rana ta yi sanyi kafin Gambo ya iso a kan babur, shi ma jikinsa duk laka. Ya gaida Gwaggo, ya zagaya motar, ya ga ta zauna a kan cikinta. Ya ce sai dai shanu, kuma sai gobe in ƙasa ta ɗan sha iska.

"Gambo," na ce, "tayoyin nan ba su dace da juna ba."

Ya sunkuyar da kai. "E, Malam."

"Ka sani?"

"Mun sani, Malam."

"Ku wa?"

"Dukanmu. Tun Litinin ake maganar a zaurenmu na waya. Har waɗanda ke Legas sun sa baki." Ya murza makullin babur a hannunsa. "An ce Mubarak ya faɗa maka, shi ne na farko. Ya ce shi ba zai iya ba, Amos ne monita. Amos ya ce ya gwada, ka ce kai ka ba kanka shawarar, to daga nan ina zai bi? Sai suka ce ni, wai ni ne marar kunyar aji. Na tsuguna zan faɗa, na ɗaga kai na ga kana murmushin nan naka."

"Da kun ce in saya duka wajen mutum ɗaya."

"Wa zai faɗa, Malam? Duk wanda ya faɗa, sai a ce kasuwa yake nema wa kansa."

Gwaggo na jin komai ta taga. "Dukansu kaka yi a makaranta har sunka ji tsoronka haka?"

"Ban taɓa dukan ɗalibi ba, Gwaggo."

"Ai shi ne matsalar, Inna," in ji Gambo. "Da dukanmu yake yi, da tun Litinin mun faɗa mashi, har da gudu."

La'asar ta wuce. Gambo ya ce zai iya goya Gwaggo a babur zuwa kwalta, amma hanyar santsi ce, ita kuma ba gani take ba balle ta san lokacin da za ta riƙe da kyau, ga yamma ta yi. Manoman suka ce su dai ba su ba da shawarar kowa ya bi hanyar nan yanzu ba. Na tsaya a cikin laka ina lissafin abin da na riga na sani: in mun kwana, Alhamis ta tafi. Ɗaya daga cikin manoman ya je ya ɗauro wa shanunsa amalanke, muka ɗora Gwaggo da ƙullinta muka koma ƙauye. Ina tafe a ƙasa ina riƙe da gefen amalanken, mutanen da na bi gida-gida na gaisar da safe suna fitowa suna yi mini sannu, kowa a ƙofar gidansa, bi da bi.

Da safiyar Juma'a amalanken ne ya sake ɗaukar mu. Shanun suka ratsa fadamar ta gefen motata ba tare da sun ko kalle ta ba. A bakin kwalta ƙaramar motar Aziza na tsaye, ta shimfiɗa leda a kujerar baya.

"Ta Gwaggo ce ledar?" na tambaya.

"Taka ce, Malam. Gwaggo gaba za ta zauna."

A asibiti layi ya yi tsawo, amma Aziza ta riga ta karɓi kati tun ranar Litinin. Likitar wata matashiya ce mai sanyin murya. Ta haska idanun Gwaggo, ta ce duka biyun sun nuna, duka za su yi kyau in an yi. Yau za a yi na dama.

"Na hagun fa, likita?" na ce. "Ba za a iya gobe da safe kafin ku tafi ba?"

"Ba za a iya ba, Baba. Sai mun ga yadda na farko ya kwana biyu. Da jiya kuka zo."

Na fara yi mata bayanin hanya da ruwan sama. Ta saurare ni da ladabi har na kai ƙarshe, irin sauraron da nake yi wa yaron da ya zo da labarin abin da ya hana shi yin aikin gida. Sannan ta kira na gaba.

A wannan rana Gambo ya samu shanu suka fizgo motar. Shi da Mubarak da Amos suka yanke shawarar abin da za a ɗaura mata a tsakaninsu, ba su kuma tambaye ni ba. Na ga alama sun fahimci darasin fiye da malaminsu.

Ranar Asabar da hantsi, ana ta loda akwatunan likitoci a mota a waje, aka cire wa Gwaggo bandeji. Ta runtse, ta buɗe, hawaye na zuba. Ta kalli tafin hannunta ta juya shi. Ta kalli Aziza ta ce mayafinta ya yi kyau. Sannan ta karkato kai ta same ni da idon dama, ta daɗe tana kallo.

"Hussaini? Yaushe kat tsuhwa haka?"

"A hankali, Gwaggo."

"Gemun nan duk hurhura." Ta ɗaga hannu ta taɓa idonta na hagu. "Wanga hwa? Yaushe za a buɗe shi?"

Aziza ta juya tana gyara jaka. Na durƙusa a gaban gadon na faɗa mata. Na ce likitocin yau za su tafi, ba a san ranar dawowarsu ba. Na ce da Alhamis muka iso da an yi duka biyu, kuma ba ruwan sama ne ya hana ba, ni ne. Na ce in kaka ta yi, hanya ta bushe, zan kai ta babban asibitin ido ko a wane gari yake.

Ta juya tana ta kallon taga inda wani zakara ke yawo a kan katanga.

"Ja ne," in ji ta. "Na manta suna da ja haka." Sai can ta ce, "To, Allah shi kai mu kakar. Tashe ni, ƙahwata ta yi tsami."

Na miƙa mata hannu ta dama, ta ture shi.

"Nan ina gani. Koma wancan gehen."

Tana gidanmu yanzu, Aziza na ɗiga mata magani safe da yamma. In za ta taka matakala sai ta tsaya ta auna da ƙafa, don da ido ɗaya ba a gane zurfi sosai, kuma takan yi karo da ƙofa in ta ɓullo mata ta hagu. Saboda haka duk inda za ta, ni ke tafiya a gefenta na hagu, hannunta a kan kafaɗata, ina faɗa mata ga kujera, ga bokiti, ga kwata. Jiya na tambaye ta ko in riƙa komawa dama wani lokaci, ta samu ta riƙa ganina. Ta ce in zauna inda nake, ta gan ni ranar Asabar, ya ishe ta zuwa kaka.